Daga ɗakin gwaji zuwa gadon asibiti: yadda za ka ci moriyar cibiyar bincike ta jami'a

Duk wanda ya saba karanta kundayen digiri na biyu da na uku a sassan kimiyya da haɗa magunguna na jami'o'inmu ya san yadda ake rufe su: ruwan ganyen nan ya kashe ƙwayoyin cuta a faranti, ko ya sauke sukarin ɓeraye, ana ba da shawarar a ci gaba da bincike. Sai a yi wa kundin bango, a jera shi a kanta. Ɗalibin bai yi ƙarya ba, bai kuma yi lalaci ba. Abin da ya rage a gabansa aiki ne na mutane da yawa masu sana'a daban-daban, shi kuwa daga shi sai malaminsa.

Sana'ata kula da gwajin magani a kan mutane ce: takardun izini, rajistar waɗanda suka shiga, firjin ajiyar jini, da bin sawun wanda bai dawo asibiti ba. Na rubuta wannan ne don kai, ko ke, da ke riƙe da sakamako mai kyau a hannu kana tunanin ina za ka nufa da shi.

Amurkawa ma sun sha fama da wannan cikas. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2000 ya nuna cewa sakamakon bincike kan ɗauki kimanin shekara 17 kafin ya zama abin da likita ke yi yau da kullum, kuma cikin magunguna 10 da suka kai matakin gwaji a kan mutane, kusan 9 ba sa samun izinin shiga kasuwa. Shi ya sa a 2006 hukumarsu ta binciken lafiya, NIH, ta fara ba jami'o'i kuɗi su kafa cibiyoyi na musamman don wannan tafiya. An fara da 12, yanzu sun kai wajen 60. Wadda zan riƙa kawo misali da ita ita ce VICTR ta Jami'ar Vanderbilt da ke Nashville, saboda jami'ar tana da tsohuwar hulɗa da likitocin Kano. Dukiyar irin wannan cibiya mutane ne da za ka ara: masanin ƙididdiga, mai haɗa maganin gwaji, nas ɗin bincike, mai tsara bayanai a kwamfuta, lauyan haƙƙin ƙirƙira, da wanda ya san hanyar hukumomi. Babu sashe guda da zai iya biyan albashinsu duka, amma jami'a ɗungurungum tana iyawa.

Fara daga gadon mara lafiya

Kafin ka taka ƙofar cibiya, ɗauki takarda fuska ɗaya ka amsa waɗannan: wane ne mara lafiyar, shekarunsa nawa, a wane irin asibiti ake ganinsa, me ake ba shi yau, nawa yake biya, kuma ta ina naka zai fi. In amsar ta gagare ka, ka roƙi wani likita ya bar ka ka zauna kusa da shi a ranar da yake ganin masu wannan ciwo. Abin da za ka ji a wurin iyaye masu jiran layi ba ya cikin kowace mujalla.

Dubi yadda abin ya kasance da sikila. Kimanin jarirai 150,000 ake haifa da ita kowace shekara a Najeriya, kuma idan ba rigakafi, wajen 11 cikin 100 na masu ita kan gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin su cika shekara 20. A 1998 wani bincike a Amurka ya nuna cewa ana iya gano yaran da ke cikin haɗari da na'urar sikanin ta TCD, wadda ke auna gudun jini a jijiyoyin kai. Yaron da gudun jininsa ya kai santimita 200 a daƙiƙa, in ana yi masa ƙarin jini duk wata, haɗarin kan ragu da kashi 92 cikin 100. Magana ta ƙare ke nan a can. A Kano kuwa nan ta fara. Wa zai ba da jinin duk wata har tsawon shekaru? Wa zai biya? Ina maganin fitar da sinadarin ƙarfe da ke taruwa a jiki saboda yawan ƙarin jini? Sai likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, cikinsu akwai Shehu Abdullahi da Najibah Galadanci, tare da Michael DeBaun na Vanderbilt, suka yi tambayar da ta dace da wurin: ko ƙwayar haidiroksiyuriya za ta iya tsayawa a madadin jinin?

Ita kanta ƙwayar ta yi doguwar tafiya. A Jamus aka fara haɗa ta a 1869, daga baya ta zama maganin daji. A 1948 wata likitar yara a New York, Janet Watson, ta lura cewa ƙwayoyin jinin jarirai masu sikila ba su cika lanƙwashewa ba, ta danganta hakan da irin himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini, da ake haihuwar jariri da shi. A 1984 aka nuna haidiroksiyuriya tana ƙara wannan himogulobin a jikin masu sikila. A 1995 gwaji a kan manya 299 ya nuna tana rage tashin ciwo da kusan rabi, a 1998 aka ba ta izini a Amurka. Shekara 50 ke nan daga lurar Watson zuwa izinin, kuma duk da haka ba a san yadda za ta yi wa yaron Fagge ko Tudun Wada ba, wanda ke fama da zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin abinci a kan sikilar.

Ka je da wuri, tun ra'ayin yana ɗanye

Kuskuren da na fi gani shi ne a zo cibiya bayan an gama tattara bayanai, a ajiye wa masanin ƙididdiga fayil a ce ya fitar da wani abu. A lokacin ba abin da zai iya gyarawa. Shi ne ya kamata ya gaya maka tun farko mutum nawa kake buƙata, me za ka auna, yaushe, da yadda za a raba mutane rukuni biyu ta hanyar ƙuri'a don kada son zuciyar likita ya shiga. Gwajin da ke buƙatar mutum 200 aka yi shi da 40 bai amsa komai ba, an dai ɗebi jinin bayin Allah a banza, kuma wannan ni a wurina zalunci ne.

A Vanderbilt suna da wani tsari mai kyau. Mai bincike zai nemi zama, cibiya ta tara masa masana daga sassa daban-daban, su zauna awa ɗaya zuwa biyu suna tsefe shirinsa, a rubuta masa shawarwarin ya tafi da su. Suna kuma shirya irin wannan zama da mutanen gari da marasa lafiya, a biya su ladan lokacinsu a matsayin masana abin da ya shafe su. Wannan ba ya buƙatar gini ko na'ura. Kowace jami'a mai asibitin koyarwa za ta iya yinsa gobe. In ka samu irin wannan zama, kada ka je da niyyar kare kanka. Je ka da biro.

A wannan ziyara ta farko ka tambayi ofishin haƙƙin ƙirƙira, kuma ka yi hakan kafin ka wallafa komai. Da zarar ka bayyana sirrin haɗin a mujalla, ko a taro, ko a Facebook, ya daina zama sabo a idon doka, takardar haƙƙin ƙirƙira ta kuɓuce. Ba don kwaɗayi nake faɗa ba. Kamfani ba zai zuba kuɗi a abin da kowa zai iya kwafa ba, kuma ba kamfani ba magani a kanti. A Najeriya hukumar NOTAP, mai kula da samo fasaha da bunƙasa ta, ta buɗe irin waɗannan ofisoshi a jami'o'i da dama, tana kuma taimakawa wajen shigar da takardu; haƙƙin na shekara 20 ne. Mai bincike a Nijar, Kamaru ko Cadi ta ƙungiyar haƙƙin ƙirƙira ta OAPI da ke Yawunde zai bi. In daga wurin mai maganin gargajiya ilimin ya fito, a rubuta yarjejeniya da shi tun ranar farko, da sunansa da kasonsa.

Tabbatar abin da ke cikin kwalbar

Masu binciken tsirrai, a nan kuka fi tuntuɓe. Ganyen da aka tsinka da damina a Zariya da wanda aka tsinka da rani a Sakkwato ba lallai ƙarfinsu ya zo ɗaya ba. Dole ka iya nuna cewa haɗin yau daidai yake da na wata shida masu zuwa, ka san sinadarin da za ka riƙa aunawa a matsayin shaida, ka san tsawon lokacin da zai yi a zafin watan Afrilu bai lalace ba, sannan a gwada gubarsa a kan hanta da ƙoda da ciki a jikin dabbobi, a ɗakin gwajin da hukuma za ta yarda da takardunsa. Cibiya ce za ta nuna maka inda ake yin kowanne, da wanda za a yi a gida da wanda sai an aika.

Labarin Niprisan ya isa darasi. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta haɗa shi don masu sikila daga tsirrai huɗu, cikinsu har da masoro da kanumfari da karan dafi, bisa ilimin wani mai maganin gargajiya da aka yi yarjejeniya da shi. An gwada shi a kan mutane, an ba wani kamfani lasisi, ya shiga kasuwa a 2006. Cikin 'yan shekaru kamfanin ya durƙushe, maganin ya ɓace daga kantuna, masu shansa suka rasa inda za su sa kansu, sai bayan shekaru aka ba wani kamfanin. Kimiyyar ta yi aikinta, masana'anta ce ta gaza. Don haka tambayar wa zai ƙera, nawa zai sayar, tambaya ce ta shekarar farko.

Izini, da amanar mutane

Ƙofa uku ce, kuma ba a tsallake ko ɗaya. Kwamitin ɗa'ar bincike na asibitinka, wanda ke da rajista da kwamitin ƙasa na NHREC. Hukumar NAFDAC, in magani ne ko allura ko na'ura. Sai rajistar gwajin a bainar jama'a kafin a ɗauki mutum na farko, misali a rajistar Afirka ta PACTR. Manyan mujallu ba sa karɓar gwajin da ba a yi wa rajista da wuri ba. Ma'aikacin cibiya da ya saba da waɗannan takardu zai rage maka watanni na kai da kawowa.

A Kano ba sai an yi wa kowa dogon bayani a kan muhimmancin wannan ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200, 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009 a kan dala miliyan 75. Tabon bai goge ba. Ya taimaka wajen ƙin allurar shan-inna a 2003, kuma har yau in ka miƙa wa uba takardar amincewa, wannan labari na zaune tare da ku a ɗakin.

Saboda haka takardar amincewa ta zama da Hausar da ake ji a gida. A ba wani da bai ga asalin ba ya mayar da ita Turanci, a gwada a gani ko ma'ana ta kauce. A karanta wa wanda ba ya karatu a gaban shaidar da ba ma'aikacin binciken ba ne, ya dangwala yatsa. Ka faɗi jini nawa za a ɗiba da ma'aunin cokali, da inda za a kai shi, da ranar da za a zubar da ragowar. Ka faɗa ƙarara cewa in sun ƙi, ko sun fita a tsakiya, likita zai ci gaba da duba ɗansu kamar da. Uwa takan ce sai ta shawarci maigida. A ba ta takardar ta tafi da ita, kada a matsa mata ta sa hannu a ranar. Kuɗin mota a biya shi daidai da abin da aka kashe, don in ya yi yawa ya zama saye. Kuma kafin duk wannan a je a gaida mai unguwa da liman, a yi musu bayani, a saurari tambayoyinsu.

Gwada ƙarami kafin babba

Sabon magani zango-zango ake binsa: mutane 'yan kaɗan don a ga ko yana cutarwa, ɗaruruwa don a gano awon da ya dace, sannan masu yawa don a gwama shi da abin da ake bayarwa yanzu. Ko tsohon magani ne za ka gwada a sabon wuri, fara da ƙaramin gwaji. Cibiyoyi irin VICTR suna ba da ƙananan tallafi da ake amincewa da su cikin sauri don wannan. A Najeriya ka duba tallafin bincike na TETFund da ke bi ta jami'arka.

Masu binciken sikila na Kano haka suka yi. Gwajinsu na farko, SPIN, yara ƙasa da 30 aka ba haidiroksiyuriya, kuma tambayoyinsa masu sauƙi ne: iyaye za su yarda a yi wa yara sikanin? Za su yarda su shiga? Za su ba da ƙwayar kullum, su dawo duk wata? Da amsa ta zo da e, sai aka yi babban, SPRING, da kuɗin NIH, a asibitocin Kano da Kaduna: yara 220 masu sikila da sikanin ya nuna suna cikin haɗari, 'yan shekara 5 zuwa 12, rabi suna shan miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsu, rabi miligiram 20. Sakamakon ya fito a 2022. Yara 3 ne suka samu shanyewar ɓarin jiki a rukunin farko, 5 a na biyu, bambancin da bai wuce na dace ba, alhali irin waɗannan yara in ba a yi musu komai ba, wajen 10 cikin 100 ke kamuwa kowace shekara. Masu shan miligiram 20 sun fi ƙarancin kwanciya a asibiti. Tun kafin a kai nan, a 2020, ƙungiyar likitocin jini ta Amurka ta sa haidiroksiyuriya a jagorarta don ƙasashen da ƙarin jini duk wata ba ya yiwuwa.

Abin da ke riƙe irin wannan gwaji ƙananan abubuwa ne da ba a rubuta su a mujalla. Karɓi lambar waya uku a kowane gida, don layi kan mutu. Rubuta kwatancen gidan da masallaci ko shagon da ke kusa. Ka sa ran za a yi fashin zuwa lokacin shuka da girbi da bikin salla, ka tsara ranakun da sassauci. Ka yi shawara da likita tun kafin azumi a kan lokacin shan magani. Firjin samfuri ya samu sola ko janareta nasa, da littafin da ake rubuta sanyinsa safe da yamma. A ƙirga ƙwayoyin da suka rage a kwalba duk zuwa. Bayanai kuwa kada su zauna a littafin rajista ko kwamfutar mutum ɗaya. Manhajar REDCap, wadda Paul Harris da abokan aikinsa suka ƙirƙira a Vanderbilt a 2004, kyauta ce ga jami'o'i da asibitocin da suka shiga ƙungiyarta, tana kuma ajiye tarihin duk wanda ya canza ko da lamba ɗaya. Sannan a naɗa kwamiti mai zaman kansa da zai riƙa leƙa sakamako, mai ikon tsayar da gwajin in ya ga cutarwa ko ya ga an riga an samu amsa.

Bayan sakamako

Wallafawa ba ta kai magani bakin yaro. Masu aikin sikila a Kano sun horar da ma'aikatan asibitocin jiha yin sikanin, sun buɗe wuraren rigakafin shanyewar ɓarin jiki a cikinsu, sun kuma ƙulla yarjejeniya da gwamnatin jihar ta riƙa ba yaran da ke cikin haɗari ƙwayar haidiroksiyuriya kyauta. Ya taimaka ƙwarai cewa ana ƙera ta a Najeriya. Wannan aiki ne na zaman ofis da jiran kwamishina, kuma shugaban cibiya ya fi ƙaramin malami samun a buɗe masa ƙofa. Ka gayyaci jami'an ma'aikatar lafiya tun ranar ƙaddamar da gwajin, su ji nasu ne.

A Jami'ar Bayero akwai cibiyar binciken lafiyar al'umma ta ACEPHAP, wadda Farfesa Hadiza Galadanci ta jagoranta, kuma ta hannunta Najeriya ta shiga gwajin E-MOTIVE a kan zubar jini bayan haihuwa. Babu sabon magani ko ɗaya a ciki. Ɗaya daga cikin magungunan, tiranesamik asid mai rage zubar jini, tun 1962 Utako Okamoto da mijinta suka fito da shi a Japan. Abin da aka ƙara shi ne shimfiɗar leda mai ma'auni da ke nuna wa ungozoma jinin da ya zuba, da umarnin a yi duk matakan a lokaci guda maimakon ɗaya bayan ɗaya: murza mahaifa, allurar tsuke ta, tiranesamik asid, ƙarin ruwa, dubawa, da kiran babban likita. A asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, da mata sama da 210,000, mummunar zubar jini da tiyata da mutuwa saboda ita sun sauko daga 4.3 zuwa 1.6 cikin 100. An wallafa a watan Mayun 2023, kafin shekarar ta ƙare Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa tsarin a shawarwarinta. In bincikenka bai haifi sabon sinadari ba, kada ka raina shi. Irin wannan ma aikin cibiya ne.

A kasafin da za ka rubuta, ware layi guda don komawa wurin waɗanda suka shiga gwajin. A tara iyayen a asibiti ko ƙofar mai unguwa, a gaya musu da Hausa abin da aka gano, ko mai daɗi ne ko akasin haka, a faɗa wa kowa rukunin da ɗansa yake, da inda zai ci gaba da karɓar magani daga wata mai zuwa.